Kujera Biyu, Inna Ɗaya

Sallar asuba kawai muka jira. Ana sallamewa muka fito daga Unguwar Tudu, ni da Inna, ina ɗauke da akwatinta na ƙarfe a ka, ita kuma tana rungume da wani ƙulli da ta hana kowa taɓawa. Tunda kun ishe ni da tambayar yadda tafiyar ta kasance, ga shi na zauna zan ba ku labarin daga tushe, don kada gobe wani ya sake tare ni a bakin sikeli ina tsakiyar awon gyaɗa.

Ga wanda bai san gidanmu ba, Inna ita ce mahaifiyarmu, ni ne autanta. Tana da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta bi mijinta hanyar gabas da ƙafa tun Inna tana amarya. Makka dai sun je, amma a dawowa suka yada zango a wani gari na bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, zango ya zama zama. Da damina ta ja baya, wani ɗan garinmu da ya biyo ta can ya kawo labari cewa tsohuwar ta kwanta, ba ta tashi, kuma ba ta da zance sai na ƙanwarta. 'Ya'yanta suka aiko cewa in an sa Inna a jirgin sama za su tarye ta a Hartum. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara cinye tuwonta ba.

Yayanmu, ɗan farinta, shi ya yi zirga-zirgar fasfo da katin allura, ya je ofishin kamfanin jirgi a Kano ya kama mata kujera. Bai gaya mata ba, ba kuma zai iya ba. Mu da muka taso daga bayan shanu, ko da yake yanzu gyaɗa da dawa muke nomawa, alkunya ba ta sake mu ba. Inna ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta haɗa ido da shi, shi ma in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya yi ta cikin maƙogwaro. Ni auta ba ni da wannan takunkumi, saboda haka duk saƙon gidan ta bakina yake bi. Ya kira ni bayan rumbu ya damƙa mini tikitin, ya ce in gaya mata wuri ya samu, amma kada in ce shi ya yi. Na gaya mata, ta ce, “Allah ya saka wa wanda ya yi,” ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ta sani sarai.

Dokar kamfanin ita ce a zo da fasinja ya tabbatar da kujerarsa kafin ranar tashi, shi ya sa muka yi sammako da 'yan kwanaki a hannu.

A tashar Gwarzo muka samu motar gyaɗa mai zuwa Kano. Direba ya ga furfurar Inna ya ba ta gidan gaba, ni kuwa aka nuna mini saman buhuna. Kuɗin mota ya hau da sule guda tun da kaka ta kama, na yi ciniki har bakina ya bushe, kwandasta bai rage ko taro ba, wai shi ma gyaɗa ta fi mu biya kuma ba ta surutu. Yayanmu ya biyo mu tasha, amma bai matso ba. Can gindin wani durumi ya tsaya yana ta juya igiyar wani mai sayarwa kamar zai saya, har motarmu ta tashi.

Wanda bai taɓa hawa buhun gyaɗa ya yi tafiya ba, kada ya yi sha'awa. Kowace gargada sai ka ji ta a ƙugunka. Amma daga can sama ido yana cin abinsa: gonaki an tone su an tara, mata sun yi da'ira suna tsinka, jakuna sun jeru da mangala sun nufi wurin awo, kowane ƙauye ka gifta akwai sikeli a rataye da mutum biyu suna musu a ƙarƙashinsa. Ƙanshin suyar ƙuliƙuli ya raka mu har Kabo.

A Kabo muka sauka, don yayata mace a can take aure, kuma Inna ba za ta wuce ƙofarta ba tare da ta yi mata sallama ba. Mijinta dillalin gyaɗa ne, mutum mai faɗa a ji a kasuwa, amma yana jin muryar surukarsa a zaure ya bi ta ƙofar awaki ya ɓace, ya bar shayinsa yana hayaƙi. Jim kaɗan sai ga zakara an aiko a yanka wa baƙi. An dama mana fura, kuma in faɗi gaskiya furar Kabo tana da kyau, sai dai nononsu ya sha ruwa fiye da namu. Na faɗa wa yayata haka, ta jefe ni da ludayi.

Ina fita wanke hannu sai na ji ana “tsit, tsit” daga bayan danga. Surukin namu ne a tsugune. Ni da shi akwai wasa, saboda haka na ce, “Alhajin kasuwa, yau kuma a maɓoyar kaji aka kwana?”

“Kai Auta, rage murya,” in ji shi. “Zancen tafiyar Inna ne. Na sa wani ejan na tafiye-tafiye da nake hulɗa da shi a Kano ya kama mata kujera, tun ran da labarin ya zo. An gama komai. Ga tikitin. Amma don Allah kada ka ce ni ne.”

Na ce, “Ai Yaya ma ya kama mata.”

Ya sosa ƙeya. “To ai bai faɗa ba.”

“Kai ka faɗa?”

Dariya na yi ta yi har muka koma tasha. A raina na ce madalla, Inna ta samu kujera biyu, ta zauna a ɗaya ta miƙe ƙafa a ɗaya. Ashe rashin sani ne yake ba ni dariya.

Daga Kabo muka samu ƙaramar mota, muka wuce Rimin Gado, inda na sayi rake na kwabo wanda ya fi na Gwarzo tsawo amma bai kai shi zaƙi ba. Da muka shiga Kano Inna ta hango dalar gyaɗa ta wajen tashar jirgin ƙasa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ashe nan wahalarmu take taruwa.” Mun sauka a Fagge, gidan wani ɗan'uwan mahaifinmu. Mutanen birni suna da karamci, amma tuwonsu ɗan mitsitsi ne, malmala ɗaya ba ta kai lomar manomi uku ba.

Da safe muka nufi ofishin kamfanin jirgi. Ɗaki ne mai ƙofar gilashi, da sanyin inji wanda ya sa Inna ta ƙara jan mayafi. A bayan kanta, wato dogon teburin karɓar fasinja, akwai wata ma'aikaciya, 'yar wajen Jos, Hausa a bakinta tsaf. Ta zagayo ta rusuna ta gaida Inna, ta tambayi gajiya da mutanen gida, ta ba ta kujera. Ni kuwa na zaro tikiti biyu na shimfiɗa a kan kantar da taƙama, kamar wanda ya kawo gyaɗa mai lamba ɗaya.

Na zaci za ta buɗe wani babban littafi ta duba. Babu littafi. A gefenta akwai wani inji mai kama da tafireta, da takarda a naɗe tana fitowa ta samansa. Ta yi mini bayani cewa kujerun jiragensu duka ba a Kano ake ajiye lissafinsu ba. Suna cikin wata na'ura da ake kira kwamfuta, can a ƙasar Turai, kuma kowane ofishi nasu, na Ikko ne ko na Ankara ta ƙasar Gana ko na ina, ita yake tambaya ta waya kafin ya sayar da wuri, haka ma ejan-ejan. Ta buga sunan Inna, muka jira. Can sai injin ya kama bugawa da kansa, ba hannun kowa. Inna ta yi a'uziyya ta ja ƙullinta kusa.

Na ga fuskar ma'aikaciyar ta sauya tun kafin ta ɗago.

“Malam,” ta ce, “babu ko ɗaya.”

Ga abin da ya faru, yadda ta warware mini shi. Na'urar ta ga suna ɗaya sau biyu a jirgi ɗaya, rana ɗaya. Ita ba ta san ɗan fari ba, ba ta san suruki ba, abin da ta sani mutum ɗaya ba ya zama a wuri biyu. Sai ta aika wa ofishin nan da ejan ɗin tambaya, wanne za a riƙe? Unguwar Tudu ba waya, balle a tambaye mu. Ofishi ya ga ejan ya kama, ya ɗauka mun koma wurinsa, ya saki nasa. Ejan ya ga ofishi ya riga shi, ya ɗauka an gama, shi ma ya saki nasa. Kowa ya yi wa ɗan'uwansa kara, aka tashi ba tsuntsu ba tarko. Kujerun tuni wasu suka kwashe. Jirgin Hartum sau ɗaya yake tashi a mako, kuma na makonnin gaba ma a cike suke da fatake da ɗalibai.

Kun san ni da zuciya. Na buga hannu a kan kantar, na ce wane irin inji ne wannan da za a biya shi sau biyu ya ce bai ga kowa ba? Na ce a kira mini shi a waya in yi masa magana da kaina. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Ma'aikaciyar ta bar ni na sauke.

Inna ce ta tsayar da ni. “Auta, ba a ɗaga murya a gidan mutane.” Sannan ta juya ga ma'aikaciyar, a hankali ta ce, “'Yata, in babu wuri a kujera, ni ko a ƙasa zan zauna. Ba ni da nauyi.”

A nan ne zuciyata ta karye. Na juya baya ina kallon titi ta gilashi, don kada ta ga idona.

Akwai wani dattijo da muka tarar a zaune yana jiran layinsa, da carbi a hannu da jakar fata a cinya. Ashe falken fatu ne, shi ma Hartum za shi a wannan jirgin, ya zo tabbatar da tasa kujerar. Ya matso ya gaida Inna, ya tambaye ta wa take da shi a can. Ta gaya masa a taƙaice. Ya ce shi ma tasa mahaifiyar yana kan hanyar fatauci ta cika, sai kabari ya tarar. Sai ya juya ya je bakin kantar.

“Yarinya, ba ta tawa.”

“Alhaji, ba a miƙa kujera hannu da hannu,” in ji ta. “Sai na saki taka ta koma cikin na'ura, sannan in roƙa wa Inna. A tsakanin nan duk wani ofishi da ya riga ni bugawa shi zai ɗauka. Kana iya rasawa, ita ma ba ta samu ba.”

“Fatuna a bushe suke, za su jira ni,” ya ce. “Mai jinya ba ya jiran kowa. Buga, Allah na nan.”

Na ga aiki a ranar. Ba ta aika saƙon sakin shi kaɗai ba. Sai da ta fara huda saƙonnin biyu a kan wani siririn zirin takarda, na sakin a gaba, na roƙon manne a bayansa, yadda za su shiga waya a jere ba numfashi a tsakani. Ta duba, ta sake dubawa, ta yi addu'arta irin ta addininta, ta zura zirin a inji. Ya haɗiye shi. Sai shiru.

Ban san tsawon shirun nan ba, amma ni dai na tsufa a cikinsa. Alhaji yana jan carbi, Inna ta ƙura wa injin ido kamar mai jiran saniya ta haihu, ni kuwa ina ta lissafa irin ofisoshin da ke duniya da yatsun da ke cikinsu. Ma'aikaciyar ta ce wani lokaci layin waya yakan yanke a hanya. Da ba ta faɗa ba ma ya fi mini.

Sai injin ya yi tari ya kama bugawa. Ta yago takardar ta karanta, ta dafe ƙirji, ta ce, “Inna, kin samu.”

Alhaji ya ce alhamdu lillahi, ya sa aka mayar da shi jirgin da ke da wuri a gaba, ya ɗauki jakarsa. Na bi shi har waje ina godiya, ya ce in koma wurin tsohuwa kada sanyin ɗakin ya kama ta. Ya hau kekensa ya tafi. Sai da ya ɓace na tuna ban tambayi ko unguwarsu ba.

Da na dawo, ma'aikaciyar ta ɗaga tikitin biyu ta ce da wanne za a yi tafiyar? Na kalli Inna, ga shi ban gaya mata na kowa ba. Ba ta ko kalli takardun ba ta ce, “Na gida ya kai ni, na Kabo ya dawo da ni.” Ashe duk ɓoye-ɓoyen da ake yi a bayan rumbu da bayan danga, ita kallonmu kawai take. Ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce za a iya shirya shi haka. Sannan ta ɗora yatsu a kan inji ta tambayi ranar dawowa.

“Sai an sa rana?” in ji Inna.

“Ana iya barin ta a buɗe.”

“To bar ta a buɗe, 'yata. In ta tashi, zan zauna har ta yi ƙwari. In kuma ɗayan ne, ni zan yi mata wanka. Ranar ba a hannuna take ba.”

Kafin mu fita, ma'aikaciyar ta ƙara wani abu a ƙarƙashin sunan Inna a cikin na'urar: cewa tsohuwa ce, ba ta jin wani yare sai Hausa da Fillanci, ba ta taɓa hawa jirgi ba, a riƙe hannunta har a damƙa ta ga danginta. Ta ce duk inda sunan ya je, wannan bayani zai bi shi.

Kwanakin da suka rage mun yi su a birni. Na kai Inna kasuwar Kurmi ta sayi daddawa da kuka da ɗan turare, wai mai jinya tana iya marmarin miyar gida. A can ne ma na san abin da ke cikin ƙullin nan: man shanu ne a ɗan kwano, wanda ta kaɗa da hannunta. Ranar tashi na raka ta filin jirgi da hantsi. Tsiren filin jirgi tsadarsa ta wuce hankali, tsinke ɗaya kuɗin uku na Gwarzo, na ci ɗaya don dai in ce na ci. Da aka kira fasinjoji sai ga wata ma'aikaciyar jirgi ta zo tana neman Inna da suna, ta kama hannunta. Inna ta hau matakala a hankali, ba ta waiwayo ba. Mu haka muke, kuma na san dalili, amma duk da haka na so a ce ta waiwayo.

Washegari kafin in kama hanya na sake biyawa ofishin, don in ba ma'aikaciyar nan haƙuri a kan kantar da na buga, na kuma kai mata ƙuliƙuli. Tana ganina ta ɗago wata takarda da ta ajiye a gefe. Ofishinsu na Hartum ne ya aiko da amsa a kan bayanin da ta rubuta. Ta fassara mini: fasinja ta sauka lafiya, maza biyu sun karɓe ta, sun ce a gaya wa mutanen Kano mahaifiyarsu tana da rai, tana jira.

Na zauna a kujerar da Inna ta zauna, na yi kukana a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Motar da na samu ta buhunan wofi ce, ta fi ta zuwa taushi. A Kabo surukinmu ya fito fili yana tafiya da faɗi tunda ya san surukarsa ta ƙetare ƙasa. Na ba shi labarin yadda alherinsa da na Yaya suka yi karo suka kusa hana tsohuwa tafiya. Ya yi ta salati. Na ce daga yau duk wanda zai yi wa Inna abu a ɓoye, ya fara biyowa ta wurina, ni ne kwamfutar gidan.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, in kuna son ji. Alheri a ɓoye abu ne mai kyau, da shi aka rene mu, amma ya kamata a samu ko mutum ɗaya da ya san hannun dama da na hagu, musamman yanzu da lissafin tafiyarmu yake hannun na'urar da ba ta san kara ba. Ban kuma ƙara zagin na'urar ba, don ita ce ta kai riƙon hannun Inna har Hartum ta dawo mini da labari. Amma wuri dai mutum ne ya tashi ya ba Inna. Duk wanda ya ji wannan, ya sa falken fatun nan da 'yar Jos ɗin nan a addu'a.

Na iso Unguwar Tudu da la'asar sakaliya. Yayanmu yana bakin rumbu yana ɗinkin buhu. Na gaya masa komai, ya saurara bai ɗago ba, har na kai ga cewa tana da rai, tana jira. A nan allurar ta tsaya a hannunsa.

“Yaushe za ta dawo?” ya ce.

Na ce, “Ba ta sa rana ba, Yaya.”

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakinta. Sannan ya ce, “To kada a sa kwaɗo. A riƙa sharewa kullum.”